Ruwan da Ba Shi da Ƙetare

Shekarun baya can, zamanin da kuɗin mai ya fara shigowa ƙasar nan, kowa ya ɗinka sabuwar riga sai ya zo a ɗauke shi, ni ne mai hoton Birnin Kudu. To, ba ni kaɗai ba ne, amma na fi sauran surutu, don haka ni aka fi sani. Ina da ɗan shago kusa da tasha, da kyamara, da kujera ɗaya, da wani labule mai zanen furanni da ake tsayawa a gabansa. Lokacin muna cikin Jihar Kano, ba a ma fara zancen Jigawa ba.

Sana'ar tana ciyar da ni, amma ba ita ce a raina ba. Ni abin da nake so shi ne in ɗauki duwatsun bayan gari da hantsi, ko kogi idan ya kawo da damina. Mutanenmu kuwa, a wajensu hoton da babu mutum a ciki ba hoto ba ne. Ka sha wahala ka hau dutse, ka jira rana ta daidaita, ka wanke hoto ya fito fes, sai mutum ya karɓa ya juya shi sama, ya juya shi ƙasa, ya ce, "Ina mai hoton? Ko ya gudu ne kafin ka danna?" Har na gaji da bayani, na koma ina ɓoye su a ƙarƙashin tebur kamar kayan sata.

Mahaifina tsohon soja ne. Yana cikin samarin da Turawa suka kwasa zuwa yaƙin Bama, aka zuba su a jirgin ruwa. Da ya dawo sai ya koma noma a gonarsa ta wajen Wurno, ba ya kuma zancen yaƙi ko kaɗan. Abu ɗaya kawai yake iya faɗa, shi ne teku. Idan an zauna majalisa a gindin dalbejiyar bakin kasuwa bayan la'asar, sai ya ce sun yi kwana da kwanaki a kan ruwa, gabas ruwa, yamma ruwa, babu tudu, babu bishiya, ko tsuntsu ba ka gani. Ya ce igiyar ruwan takan tashi ta fi soron gida tsawo.

A majalisar akwai wani dattijo mai sayar da goro, ɗan asalin Gwaram, muna ce masa Baba mai goro. Mun san cewa wansa ya tafi yaƙin nan tare da mahaifina bai dawo ba, amma abu ne da ba a tayar da shi. Shi wannan dattijo kamar an ɗauke shi aikin ƙaryata mahaifina. Da an fara zancen teku sai ya ajiye wuƙar ɓare goronsa ya ce, "Soja, ka ji tsoron Allah. Na tsallaka kogin Gwaram yana cike, na tsallaka na garin nan. Ko Kwara an ce ana hango ƙetarenta. Kowane ruwa gaɓa biyu gare shi. Ku dai ba ku so ku tsaya ba ne."

Sai majalisa ta kwashe da dariya. Mahaifina kuwa sai ya gyara hularsa. Haka aka yi ta yi shekara da shekaru, har aka laƙaba masa Sarkin Teku. Idan wani ya shirga ƙarya a kasuwa, sai a ce, "Kai, wannan ai ta teku ce." Abin yana ci mini rai ƙwarai. Mutumin da ban taɓa jin ya ƙara ko tiya ɗaya a kan amfanin gonarsa ba, shi ne aka mayar abin misali a ƙarya. Ranar da yaran unguwa suka bi shi da kiran Sarkin Teku har ƙofar gida, daga ranar ya daina zuwa majalisa. Daga masallaci sai zaure. Tsoho ya zauna shi kaɗai yana kallon bango, abinci ma sai an matsa masa.

Ina da wani abokina direban babbar mota, yana kai wake Ikko ya dawo da kayan gini. Dogo ne na gaske, idan zai shiga shagona sai ya sunkuya, kuma duk garin babu wanda ya kai shi son hoto. Na ce masa zan bi shi tafiya ta gaba, in ɗauko wa mahaifina shaida. Ya ce, "Ai ka gama magana. Gani ya kori ji." Ashe ni na ɗauko wa kaina jarabawa.

Da na je yi wa mahaifina sallama, na ce, "Baba, zan kawo maka igiyar ruwan nan da ta fi soro, su gani da idonsu."

Ya ce, "Ba ruwana da tsawonta. Ka tsaya inda ba ka hango komai a gabanka. Ba mutum, ba jirgi, ba bishiya. Ruwan kawai za ka ɗauko mini."

Na ce to. A raina kuwa na ce tsufa ne, me ya sani game da hoto? Abin da zai rufe bakin Baba mai goro ai igiya ce mai tsawo.

Ba zan gajiyar da ku da labarin hanya ba. Mun sha zafi, mun sha gyaran taya, na yi kwanaki ina warin wake. Da muka sauke kaya a Ikko, wani ɗan garinmu mai gadi ya ce idan ainihin teku nake so, ba wannan ruwan cikin gari ba, sai mun shiga kwalekwale mun tsallaka wani tsibiri, a bayansa ne teku yake buɗe. Na ce wa abokina ya zauna ya huta, zan je in dawo. Ina! Kafin in gama ɗaura kyamara a wuya, sai ga shi ya fito cikin babbar riga fara sol, da hula zanna, da agogo, har da tabarau. Na ce, "Ɗaurin aure za mu?" Ya ce, "Kai dai mu je. Ba kullum ake zuwa bakin duniya ba."

A cikin kwalekwalen nan ya karanta duk addu'ar da ya sani, har da ta shiga kasuwa. Muka sauka, muka ratsa ta cikin bishiyoyin kwakwa da bukkokin masunta. Tun kafin mu ga komai muke jin wani ruri kamar hadari yana tasowa, ga sama kuma tas babu gajimare. Muna hawa wani tudun yashi sai ga shi. Na tsaya baki buɗe, abin da ya fara zuwa raina shi ne, Allah sarki Baba, ashe ma ragewa kake yi.

Daga nan ɓacin rai ya fara. Da farko dai, jirage. Shekarun nan kowa gini yake yi, jiragen ruwa maƙare da siminti sun yi layi a kan teku suna jiran a ba su wurin sauke kaya. Duk inda na juya kyamara, ga jirgi, ga wani bayansa, kamar motoci a tasha ranar kasuwa. Mahaifina ya ce ba jirgi. Idan na kai wannan, na san abin da Baba mai goro zai ce: ga gari can a ƙetare har da hayaƙin girki. Dole muka kama tafiya a cikin yashi, ƙafa tana nutsewa, muna zagaya tsibirin don neman inda babu su.

Na biyu, iskar wurin gishiri ce zalla. In goge gilashin kyamara da gefen rigata, kafin in ɗaga ya sake yin hazo. Yashi kuwa ya shiga ko'ina, har cikin haƙora. Fim ɗaya tak ya rage mini, sauran na ƙarar da su a shago kafin tafiya, don haka kowane dannawa sai na yi tunani.

Na uku, kuma mafi girma, abokina. Na samu wuri mai kyau, na durƙusa, na jira wata igiya ta taso ta lanƙwaso, ta yi fari da kumfa. Ina dannawa sai na ga babbar riga ta cika mini ido. Ya tsaya ƙiƙam, hannu a ƙirji don agogo ya fito, fuska a murtuke yadda mutanenmu suke yi idan za a ɗauke su.

Na ce, "Don Allah matsa! Ba kai nake ɗauka ba."

Ya waiwaya bayansa, ya ga babu kowa, ya ce, "To wa kake ɗauka?"

"Ruwan!"

"Ruwan? Shi ya ce maka yana so? Kai fa matsalarka ke nan tun a gida. Wa zai yarda mun zo idan babu mutum a ciki?"

Na yi masa bayani, na tuna masa saƙon Baba. Ya ce ya gane. Ya koma gefe. Na sake saiti, wata ta taso, na danna, sai ga kafaɗarsa da rabin hula sun leƙo ta gefe. Ya ce shi bai shiga ba, iska ce ta kaɗa rigar. Na matsa gaba, ya biyo ni. Na ce ya je ya zauna a gindin kwakwa, ya tafi, ya dawo da masunta biyu da ya yi abota da su da hannu da ka, don ba sa jin Hausa shi kuma ba ya jin yarensu. Suka jeru a gabana da wani ƙaton kifi, shi a tsakiya. Ina zan iya korar mutane a garinsu? Na danna ina haɗiye haushi.

Na rantse da a ce na san hanyar komawa ni kaɗai, da na bar shi a tsibirin nan ya zama masunci. Na yi magiya, na yi faɗa, na haɗa shi da girman iyayensa. Ya ce, "Kai wane irin mutum ne? Mutum ya ɗauko ka kyauta tun daga Birnin Kudu, ka fifita ruwa a kansa?" Ga mai kwalekwale yana ta ɗago mana hannu daga nesa, alamar lokaci ya ƙure. Na duba kyamara, saura ɗauka biyu.

Na ce, "Shi ke nan, na ji. Je ka tsaya can, in ɗauke ka ɗaya mai kyau, na ƙarshen kuma ka bar mini." Ya washe baki. Ya taka har inda yashi yake da danshi, ya juya wa teku baya, ya gyara tabarau. Wani daga cikin masuntan ya yi masa ihu yana nuna bayansa. Shi kuwa ya ɗauka gaisuwa ce, ya ɗaga masa hannu. Ni da nake kallo ta cikin kyamara na ga abin yana tasowa a bayansa, kore shar, yana ta hawa. Na buɗe baki zan yi magana, amma yatsana ya riga bakina.

Igiyar nan ta rufe shi ruf. Ta nannaɗe shi cikin babbar rigarsa ta wurgo shi kan yashi kamar ƙunshin wanki. Ya tashi yana tari yana salati, babu hula, babu tabarau, takalmi ƙafa ɗaya. Da na tabbatar lafiyarsa ƙalau, Allah Ya yafe mini, abin da na fara ji shi ne sanyi a raina. Ya ruga can bayan bishiyoyi, ko waiwaye ba ya yi. A karo na farko tun zuwanmu, gabana ya zama babu kowa.

Sai kuma tekun ya yi mini nasa. Ya kwanta luf. Na jira wata babbar igiya, shiru. Mai kwalekwale ya fara kunce igiyar da ya ɗaure kwalekwalensa da ita. Haka na ɗaga kyamara, rai a ɓace, na danna na ƙarshe a kan ruwa shimfiɗe da sama a bisansa.

Da muka dawo gida na shiga ɗakin wanke hoto, na fito kamar in yi kuka. Kusan kowane hoto abokina ne: abokina a tsaye, rabin abokina, abokina da kifi. Wanda igiya take shirin rufe shi kam ya yi kyau, ba zan ɓoye ba. Ga dogon da ya fi kowa a gari ya koma ɗan mitsitsi, ruwa ya ninka shi a tsawo. Na ƙarshen kuwa ba shi da fasali ko kaɗan. Hoton baƙi da fari ne, sama toka-toka, ƙasa toka-toka mai ɗan duhu, sai wani layi siriri a tsakiya. Na kusa jefa shi a kwandon shara, sai dai na tura shi ƙasan sauran.

Na kai wa mahaifina a zaure. Na miƙa masa na igiyar ina jiran yabo. Ya ɗan murmusa ya ajiye shi gefe. Ya yi ta ɗagawa yana ajiyewa har ya kai kan na ƙarshen. Ya daɗe yana kallonsa. Sannan ya ce, "Ɗauko mini hulata."

Bayan la'asar muka isa gindin dalbejiya. Ana ganinsa aka fara, "A'a, Sarkin Teku, kwana biyu!" Abokina, wanda ya riga ya manta wuyar da ya sha, ya fizgi hotonsa yana zagayawa da shi. Majalisa ta hargitse. Wannan ya ce, "Kai, wannan dogon ne ya koma haka?" Wancan ya ce, "Lallai Soja, ashe da gaskiyarka." Ni kuwa ina ta hura hanci.

Baba mai goro ya karɓa ya duba, ya mayar. Ya ce, "Ruwa ya yi tsalle, na gani. Ni ban taɓa musun tsalle ba. Ai ga shi nan a tsaye a kan gaɓa."

Haushi ya turnuƙe ni. Duk wahalar nan, tsohon nan ko gezau. Na buɗe baki zan yi rashin kunyar da ban taɓa yi wa babba ba, sai mahaifina ya dafa mini gwiwa. Ya ciro hoton nan marar fasali daga aljihu, ya tashi da kansa, ya je ya durƙusa kusa da faifan goro ya miƙa masa.

Baba mai goro ya kawo shi kusa da ido, ya nisanta shi. Ya ɗora yatsa a kan layin nan na tsakiya, ya bi shi a hankali daga wannan gefe har wancan. Ya sake dawowa. Ya ɗago ya dube ni.

"Mai hoto, ina ƙetaren?"

Na ce, "Babu, Baba."

"Ko dai ka yanke shi?"

"Wallahi ban yanke komai ba. Iya abin da ido yake gani ke nan. Na tambayi masuntan wurin ma, sun nuna mini da hannu cewa babu."

Sai mahaifina ya yi magana, murya ƙasa-ƙasa, amma kowa ya ji don wurin ya yi tsit. Ya ce, "Haka yake ta kowane gefe ranar da zazzaɓi ya ɗauke ɗan'uwanka. Mun roƙi a tsaya, aka ce babu inda za a tsaya. Mun jira, ba mu ga ƙasa ba. Ni na yi masa wanka da hannuna, muka yi masa sutura, muka yi masa salla, sannan muka sa shi a ruwa. Da akwai tudu ko kamar faifan nan, da a kafaɗata zan kai shi."

A nan na gane ruwa ba ya tsami banza. Shekarun nan duka ni ina ganin tsohon nan ɗan neman magana ne kawai. Ashe shi abin da yake cinsa, yana zaton an jefar da ɗan'uwansa a ruwa don ganda, alhali ga ƙasa ana hangowa. Mahaifina ya faɗa masa tun dawowarsu, bai yarda ba, don a duk duniyar da ya sani babu ruwan da ba a tsallakewa.

Baba mai goro ya sunkuyar da kai a kan hoton. Hawaye yana bin gemunsa, ya sa gefen rawaninsa yana goge hoton, ba fuskarsa ba. Can ya ce, "Soja, ka yafe mini." Mahaifina ya ce, "Ban taɓa riƙe ka ba." Sai Baba mai goro ya juyo gare ni ya ce, "Ɗan nan, za ka bar mini wannan? Ban taɓa sanin inda yake kwance ba."

Tun daga ranar ban sake jin an ce Sarkin Teku ba. Mahaifina ya koma majalisa, wurin zamansa kuma ya koma kusa da faifan goro, har Allah Ya karɓi abinsa. Abokina yana nan da ransa, ya tsufa, ya ranƙwafa, kuma har gobe cewa yake shi ya wanke mahaifina daga zargin ƙarya, don da bai tsaya a gaban igiya ba da babu wanda zai yarda. Idan ya fara, har yanzu sai na ji wannan haushin na bakin teku ya taso mini sabo fil. Na daina musu da shi, hawan jini gare ni.

Na ɗauki hotuna a rayuwata da ban san adadinsu ba, na angwaye, na alhazai, na masu sabon babur. Galibinsu sun koɗe, masu su ma an manta da su. Wanda na kusa jefawa a shara shi kaɗai ne na san ya yi wa wani amfani na gaske. Iyalan Baba mai goro sun gaya mini cewa duk ranar da mutane suka tafi maƙabarta ziyarar 'yan'uwansu, shi sai ya zauna a ƙofar ɗakinsa, ya ciro hoton, ya yi wa wansa addu'a. Ni da na yi shekaru ina faɗa da mutanen garinmu a kan cewa ba dole sai da mutum a cikin hoto ba, ga shi hoto ɗaya da na samu na ɗauka babu kowa, ashe shi ma da mutum a ciki.